Talata, a kan gadar Kennedy a Yamai

Safiya lafiya lau. Kunu da ƙosai, wuta ba ta ɗauke ba, har gugar Auta na gama.

Da hantsi muka tari taksi ni da Yaya za mu Harobanda, ƙetaren kogi, duba Inna. Ta shige gaba, ta ɗora Ɗan Baba a cinya kamar kullum. Muna tsakiyar gada wani mai moto ya gitta, direba ya taka birki da ƙarfi. Yaron ya yi gaba, saura ƙiris goshinsa ya daki gilashi. Kuma ba gudu muke ba, cunkoso ne.

Na ce, "Yaya, don Allah ki dawo baya da shi."

Ta ce, "Ke dai akwai tsoro. Ai ina riƙe da shi, birkin ne ya tura shi."

Maganar nan ta tsaya mini a rai wuni guda. Babu abin da ya tura shi. Motar ce ta tsaya, shi bai tsaya ba. Birki ƙafafun mota yake kamawa, ba ya kama mutum, kuma duk abin da ke tafiya haka zai ci gaba har sai wani abu ya tare shi. Dokar motsi ta farko ke nan da Isaac Newton ya rubuta tun 1687, wadda ake haddacewa a makaranta.

Da na dawo gida na ɗauki biro. Gudun kilomita 50 a awa, kusan mita 14 ne a daƙiƙa ɗaya. In mota ta yi karo ta tsaya cikin kashi ɗaya bisa goma na daƙiƙa, yaro mai kilo 10 zai fizgi hannun mai riƙe da shi da ƙarfin nauyin kilo 140. Kusan buhu uku na shinkafa, a fizga ɗaya! Wane hannu ne zai iya? Yaya ma ba a ɗaure take da bel ba, jikinta zai bi bayansa ya danne shi. Nan hannuna ya yi sanyi.

Bayan la'asar na kira ta na karanta mata. Ta yi shiru, can ta ce, "Allah ne mai tsarewa." Na ce haka ne wallahi, amma kujerar baya ma tana nan. Ta ce miyarta na kan wuta.

Inna da sauƙi, ta ci tuwo. Zafi kuwa ba a magana.

Jibi za mu koma. Zan riga ta shiga gaba.