Malamin firamare ba shi kaɗai ke da laifi ba

Har yau raina yana sosuwa idan aka tayar da zancen malaman Kaduna. A 2017 gwamnatin Nasir El-Rufai ta yi wa malaman firamare kusan 33,000 jarrabawa da tambayoyin 'yan aji huɗu, ta ce 21,780 sun kasa samun maki 75 cikin ɗari, ta sallame su. Ƙungiyar malamai ta NUT ta shiga yajin aiki a Janairun 2018, amma gwamnati ba ta janye ba. A 2022 aka sake korar wasu 2,357.

Ni uwa ce, ba na so a damƙa ɗana ga wanda bai iya rubutu ba. Amma wa ya ɗauke su aikin tun farko? Ba 'yan siyasa ne suka riƙa cusa 'yan'uwa da 'yan barandansu ba? Su ba wanda ya taɓa su.

Albashin malamin firamare daga kason ƙananan hukumomi yake fitowa, shi ya sa da zarar kuɗi sun yi ƙasa, shi ake fara riƙe wa albashi. Na san wani malami a unguwarmu da ke tashi daga aji, hannunsa fari fat da alli, ya hau babur ya yi acaɓa har isha'i. Yaushe zai duba littattafan yara saba'in?

Ita ma NUT ina da ƙorafi a kanta. Tana cire kuɗin ƙungiya duk wata, ya kamata ta matsa a riƙa horar da 'ya'yanta tun kafin takardar sallama ta iso.