Rabona a gonar Baba

Bayan sadakar arba'in ɗin Baba, liman ya zo zauren gidanmu a ƙauyenmu da ke ƙasar Ringim don rabon gado. Mu biyar Baba ya bari, maza biyu mata uku, sai Inna. Ina daga bayan kyaure na ji lissafin: a kasa dukiya gida takwas, Inna ta ɗauki tumuninta, Yaya da ƙanenmu biyu-biyu, mu mata ɗai-ɗai.

Aka raba tumaki, aka yi wa keke kuɗi, har buta ba a bari ba. Da aka zo kan gonaki, musamman ta fadama da muke shinkafa, sai Baffa ya gyara murya ya ce, "Malam, a bar gona a haɗe. Mace ina za ta kai gona? Gidan wani za ta kai mana ita." Liman ya yi shiru, can ya ce a shafa fatiha.

Yau shekara shida ke nan. Duk kaka Yaya yakan aiko yaro da tiya goma ta gero, "in ji Yaya, a dama wa yara kunu." Ni kuma in yi ta godiya, alhali daga gonata aka yanko shi.

Abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya, ni ce nake karantar da matan aure a Islamiyya da yamma. Da bakina nake fassara musu aya ta 7 ta Suratun Nisa'i, cewa mata suna da rabo cikin abin da iyaye da dangi suka bari, kaɗan ne ko mai yawa, rabo ne yankakke. Gaba kaɗan, a aya ta 13, Allah Ya kira wannan rabon iyakokinSa. Ranar da na karanta musu, mata huɗu suka tsaya bayan an tashi, kowacce da gonar da ta maƙale a hannun 'yan'uwanta.

Tun shekarar 2000 Jigawa ta ƙaddamar da shari'a, kotu kuma ba ta yi mana nisa ba. Na san alƙali ba zai hana ni haƙƙina ba. Tsoro ne ke ɗaure mu. Wadda ta kai ɗan'uwanta ƙara sunanta mai yanke zumunci, kuma ranar da aurenta ya mutu, gidan wa za ta koma?

Juma'ar da ta wuce na je gida, na durƙusa na gaishe da Yaya. Na ce, "Yaya, ina so a auna mini rabona kafin ruwa ya sauka." Ya daɗe yana kallon tabarma, sannan ya tambaye ni wa ya zuga ni. Na ce ba kowa, karatun da Baba ya sa ni ne. Ya ce zai yi magana da Baffa.

Da zan tafi Inna ta rako ni har bakin zaure, ta riƙe gefen mayafina, ta yi ƙasa da murya: "In an zo awon, ki tuna musu da tumunina."