Fakon hanyar Daura da maganar tashar sola

Haɗa sola ce sana'ata, a gidaje da shaguna cikin Katsina, wani lokaci har Daura da Mai'aduwa idan aiki ya kira. Wanda ya saba bin hanyar ya san filayen da nake nufi: fako, ƙasa ta daskare, ruwan sama ya zuba ya gangare bai shiga ba, ko gero aka shuka asarar iri kawai aka yi. Abokan tafiya sukan tambaye ni me zai hana a shimfiɗe irin wurin da farantan sola, a ba garuruwa wuta.

Ta fuskar fili, babu abin da zai hana. Megawat ɗaya kan ci wajen hekta biyu. Tashar Kumbotso a Kano, wadda Buhari ya buɗe a Janairun 2023, megawat 10 ce. Masar ta kafa ta Benban cikin hamada kusa da Aswan, tana ba da fiye da megawat 1,400. Rana kuwa, Allah ya hore mana.

Sai dai mu Katsinawa mun sha jin irin wannan albishir. A 2016 gwamnatin tarayya ta sa hannu da kamfanoni 14 kan wutar sola megawat 1,125, ciki har da megawat 75 a Kankiya. An yi ciniki kan santi 11.5 na dala kowane yunit, daga baya gwamnati ta ce sai 7.5, takardar lamuni ba ta fito ba, masu ba da rance suka ja baya. Fili bai gagara ba, mai sayen wutar da zai biya kan lokaci ne aka rasa. Ga injinan iska 37 na Lambar Rimi, tun Umaru Musa 'Yar'aduwa yana gwamna aka faro maganarsu, suka shafe shekaru fiye da goma ana jiran wuta.

Akwai kuma abin da sai mai hawa rufin kwano ya sani. Da hunturu, ƙurar sati biyu ta isa ta rage wa faranti ƙarfi har mai gida ya kira ka yana cewa batir ya mutu, alhali tsumma kawai ake bukata. To hekta ɗari biyu fa, a wurin da ruwan sha ma sai an yi tafiya? Tun a takarda ya kamata a san da me za a goge.

Amma wanda ya fi tsaya mini a rai shi ne mai filin. Fako ba ya noma, amma yana da magada, kuma dabbobin makiyaya ta nan suke ratsawa da damina, lokacin da gonaki suka rufe ko'ina. Dokar filaye ta 1978 ta ɗora diyya kan amfanin gona da gini, ba kan ƙasar kanta ba, don haka mai fako zai iya tashi da ɗan abin da bai kai ya kawo ba, a zagaye gadonsa da waya shekara ashirin da biyar. Ni da za a ji tawa, haya za a riƙa biyansa duk shekara, a bar burtali a buɗe, kuma ƙauyen da ke jikin shingen a fara ja masa layi kafin wutar ta wuce birni.