Minti biyar ɗin da suka hana mu buɗe fayil a ofis

Kwana biyu na yi ina fama da wani akwatin ajiya na Synology da oga ya siyo mana, irin wanda ake cewa NAS, ƴar na'ura ce mai cin faifan ajiya (hard disk) huɗu da ake jonawa a netwok kowa ya riƙa zuba fayil ɗinsa a ciki. Kafin zuwanta filasha ce ke yawo tebur tebur, wannan ya ara wancan ya ɓatar, aikin wata guda ya bi ruwa.

Da farko na so in buɗe wa kowa akawun a kan akwatin kawai in huta, amma mu kusan talatin ne, kenan kowa zai riƙe fasiwod biyu kuma ranar da wani ya bar aiki sai an goge shi wuri biyu, in an manta ɗaya to ƙofa tana nan a buɗe. Tunda dama muna da Active Directory, tsarin da ke riƙe da suna da fasiwod ɗin kowa, a sabarmu, wato babbar kwamfutar ofis, sai na ce bari in saka akwatin cikin domen, wato rukunin na'urorin da ke ƙarƙashin wannan tsarin, mutum ya shiga da sunan da yake buɗe kwamfutarsa da shi.

Na sa sunan domen, na sa fasiwod ɗin admin, ya ce bai ga domen ba. Ashe DNS ne, wato abin da ke juya suna zuwa adireshin na'ura. Akwatin ya karɓi 8.8.8.8, DNS ɗin Google, daga rauta, to Google ina ya san sabar da ke cikin ofishinmu? Ta DNS ɗin cikin gida na'ura take tambayar wace saba ce mai riƙe da domen, don haka na ba akwatin IP, wato adireshinsa a netwok, na dindindin na juya DNS ɗinsa kan sabarmu, nan take ya shiga.

Washegari da safe akanta ta kira ni wai foldar albashi ta ƙi buɗuwa, kafin in ƙarasa wajenta mutum huɗu sun tare ni a hanya. Wallahi hankalina ya tashi don ƙarshen wata ne kuma mutane na jiran kuɗinsu. Na duba izini lafiya lau, na duba kebul, na kashe na kunna, shiru. Sai can idona ya kai kan agogo. An ɗauke wuta da daddare, UPS, batirin da ke riƙe sabar in babu wuta, ya ƙare, batirin nan ƙarami CR2032 mai riƙe agogo a cikin sabar ya yi sanyi, agogonta ya koma baya da minti 12. Kwamfutocin ofis duk agogon saba suke bi shi ya sa ba su ji komai ba, shi kuwa akwatin daga intanet yake saita nasa. Kerberos, wanda shi ke tantance mutum a domen, in bambancin agogo ya wuce minti 5 ba ya karɓar tikitinka, wato shaidar shiga da saba ta ba ka, haka aka tsara shi don kada wani ya saci tikiti ya sake amfani da shi daga baya. Na canja batir, na gyara agogo, na ce wa akwatin daga yau wajen sabar zai riƙa karɓar lokaci.

Maganar izini kuma, don Allah ƴan uwa masu wannan aiki ku daina ba mutum ɗai ɗai. Na yi guruf na akawu, na sito, na shugabanni, folda guruf ta sani, in an ɗauki sabon ma'aikaci a jefa shi ciki shikenan.

Abin da ya rage shi ne tsohuwar sikanarmu da ba ta jin komai sai SMB1, tsohuwar hanyar tura fayil a netwok. An matsa min in kunna mata na ƙi, ta wannan ƙofar bairos ɗin WannaCry ya bi a 2017 ya kulle kwamfutoci har da na asibitocin Ingila. Yanzu dai ta imel take turo takardu kafin oga ya amince a siyo sabuwa.