Ragon bashi da alat ɗin da bai shigo ba

Na ajiye alli a makarantar nan bayan shekara shida. Ƙananan malamai sun ce in bar musu wata magana kafin in tafi, to ga ta, kuma a kan albashi ce.

A takardar ɗaukar aiki an rubuta mana "ƙarshen wata", ni kuwa na daɗe ina gaskata wannan rubutu. Alhali duk wanda ya koyar a makarantar kuɗi ya san albashinmu a aljihun iyayen yara yake kwana. In sun biya a biya mu, in ba su biya ba a ce mu yi haƙuri.

A watan Yunin 2023 na gane kurena. An cire tallafin mai ranar 29 ga Mayu, lita ta haura naira 500, kuɗin motar da nake kashewa daga Tudun Wada zuwa Samaru ya kusa ninkawa. Babbar Sallah ta faɗo ranar Laraba, 28 ga Yuni. Shekarar ce ta farko da amarya a ɗaki, na ga ba zan iya barin gidana babu layya ba. Na je wurin wani dattijo mai sayar da raguna, abokin marigayi mahaifina, na ba shi rabi, na ce ragowar sai Juma'a, 30 ga wata. A ranar nan ɗin ce zubin adashina, a makon ne kuma katin wuta zai ƙare. Abu uku na ɗora wa kuɗin da ban riƙe a hannu ba.

Juma'a ta zo ta wuce, waya shiru. Mako biyu ina zagayewa ta lungu don kada in bi ta gaban turken dattijon. Rannan ana tashi sai ga shi a bakin ƙofar makaranta, ɗalibaina na wucewa suna gaishe shi. Bai ɗaga murya ba. Cewa kawai ya yi, "Ɗana, da ka zo ka faɗa mini, ai ba zan kama ka ba. Ɓuyan ne ya ba ni ciwo." Na ce, "Baba, ka gafarce ni," na rasa abin ƙarawa. Da zagina ya yi da ya fi mini sauƙi.

Na shiga wurin mai makaranta na ce, "Ranka ya daɗe, ko wani abu ne a ba ni in rufa wa kaina asiri." Ya ce ba ni kaɗai ba ne, iyaye ba su biya ba. A makon nan aka kawo tirelar siminti ta sabon bene. Na ƙirga buhunan, Allah Ya yafe mini. Rabin albashi ya shigo 19 ga Yuli, uwar adashi kuma ta mayar da kwasata can ƙarshen layi.

Tun daga nan na daina lissafi da ranar da ke takarda. Na duba saƙonnin banki na shekara biyu, na ɗauki rana mafi latti da aka taɓa biyana, na mayar da duk wani alkawari bayanta. Adashi na koma na masu zubi 20 ga wata. Masara da wake da kaka nake sayen buhu, lokacin da suke araha. Kuɗin haya ina cire shi kashi goma sha biyu, ranar da alat ya shigo, in tura asusun da ba shi da kati. Watan Agusta kuwa, na dogon hutu, ban ƙara sa shi a lissafi ba. Manhajojin bashi na waya ban taɓa su ba, na ga yadda suka bi abokan wani malaminmu da saƙonnin tozarci.

Bana da kuɗi a hannu na sayi rago, a wurin dattijon nan, wata guda kafin Sallah. Ragowar albashina na Yunin 2023 kuwa, akanta ya ce in leƙo bayan hutu. Na bar masa lambar asusuna.