Kayar da wanda ya miƙe tsaye kana kulle da ƙugunsa

Galibin matasan da nake atisayen jiu-jitsu (salon kokawa da ake ci gaba da yi ko an kai ƙasa) da su a Birnin Kebbi daga kokawar gargajiya suka fito, wasu har sun taɓa shiga fili a Argungu. A kokawa, gwiwa ta taɓa ƙasa an yi kaye. Shi ya sa da zarar na kwanta rigingine na naɗe ƙugun ɗayansu da ƙafafuna na sarƙe idon sawu a bayansa, ba ya yarda ya durƙusa. Zumbur yake miƙewa. Ni kuwa miƙewar nake jira.

Ƙafafunsa nake fara dubawa. In sun tsaya a jere, kusa da kwankwasona, sai in saki rigarsa in kama bayan idon sawunsa duka biyu ta waje, dab da dunduniya, babban yatsana a manne da sauran yatsu. Ba na jan ƙafafun. Aikin hannu kawai ya hana shi taka baya. Sai in warware sarƙar, in sauke ƙuguna, in matse gwiwoyina a kan mararsa, in tura sama da baya lokaci guda. Mutum ba shi da abin dogara a bayansa, dole ya zauna daɓas.

Inda abin ya fi lalacewa shi ne bayan faɗuwar. A dokar IBJJF, hukumar ƙasa da ƙasa mai shirya gasar jiu-jitsu, maki 2 ake bayarwa kan wannan kayen, amma sai ka hau sama ka riƙe matsayin daƙiƙa 3. In ka yi ƙoƙarin tashi zaune kai tsaye, ƙafafunka na miƙe a gefen haƙarƙarinsa, ka miƙa masa idon sawunka ke nan, zai cusa shi a hammata ya lanƙwasa. Abin da nake yi shi ne in karkata gefe ɗaya, in dafa katifa da hannun wannan gefen, in lanƙwashe ƙafata, in tura ƙuguna gaba tun yana kan faɗuwa. Ɗaya hannun ba ya sakin ƙafarsa sai nauyina ya hau kansa, don ɗan kokawa in ya janye ƙafa ɗaya ya tashi. In na zauna masa a ciki, ga ƙarin maki 4.

Mai wayo yakan cafke kwalata da hannu biyu ya rage tsawo, nauyinsa ya dawo kaina. A nan turawa baya ɓata ƙarfi ne. Sai in kama hannayen rigarsa, in ɗora tafin ƙafafuna a kwankwasonsa, in jawo shi in ɗaga, ya wuce ta saman kafaɗata.

In kuma ƙafa ɗaya ya sa gaba, ba na neman ta bayan, ta yi nisa. Ina barin sarƙar a kulle, in zura hannu ta cikin ƙafar gaban in rungumo ta zuwa kafaɗata, ɗaya hannun ya dafa katifa kusa da kunnena. Sai in ɗaga ƙugu in danna shi a cikin gwiwarsa zuwa waje. Kusa da idon sawu ake runguma. In ka kama can sama a cinya, ƙafar tana nan da ƙarfinta.

Jinkiri ne babban abokin gaba. Wanda ya samu ya daidaita tsayuwa zai danna gwiwarka ƙasa ya buɗe sarƙar, don haka nake kai hannu tun ƙafarsa ta biyu ba ta gama kafuwa ba.

Ba na barin sabon shiga ya gwada wannan sai ya iya faɗuwa ta baya: haɓa a ƙirji, kada ya tokare da miƙaƙƙen hannu, don nan wuyan hannu da gwiwar hannu ke jin rauni. Wanda ke tsaye kuma nakan gaya masa, "Ɗan'uwa, in ka ɗaga mutum kada ka maka shi da ƙasa." A gasar IBJJF korar mutum ake yi nan take, a ɗakin atisaye kuwa ƙashin bayan abokinka ne a hannunka.