Abin da na koya a shagon zane, da zanen Frida

Duk wanda ya yi aiki a shagon zane ya san dawakin hawan sallah da hotunan manya ne ke kawo kuɗi, kuma ban taɓa musun haka ba. Abin da har yau bai bar zuciyata ba shi ne yadda maigidan shagonmu ya yi da zanen Frida.

Frida karya ce ta sojojin ruwan Mekziko. Duniya ta san ta bayan girgizar ƙasar Satumban 2017, da tabarau a ido da ƙananan takalma shuɗɗa don kada gilashi ya yanke ta cikin ɓaraguzai. A tsawon aikinta ta gano mutum 12 da ransu. Na zana ta da dare bayan an tashi aiki, da fentin da na saya da kuɗina. Idanun suka fi ba ni wahala, domin sai an hango su ta bayan tabarau mai ƙura, kuma babu tsoro a cikinsu, sai naci irin na mai neman ɗansa.

Ranar baje koli maigida ya tsaya a gaban zanen ya ce, "Kai, wa zai rataye kare a falonsa?" Na ce, "Ranka ya daɗe, ai an gafarta wa mutumin da ya shayar da kare ruwa da huffinsa." Bai ko dube ni ba. Ya sa yara suka jingine shi bayan janareta, baƙin mai ya ɗiga a kan takalman nan da na kwana ina haɗa launinsu. A ranar aka sayi dokin da ni na zana, da sa hannun maigida a ƙasa.

Ga ƙannena da ke can: ku sa hannu kafin fenti ya bushe. Aikin zuciyarku kuwa, kada ku ajiye shi a shagon wani.

Lokacin da Proteo, karen sojojin Mekziko, ya mutu a bakin aikin ceto a Turkiyya a Fabrairun 2023, na riga na bar shagon. A ɗakina na zana shi. Yanzu karnukan maharba nake bi ina zanawa, har da wata gurguwa da na ɗauko daga bakin titi bayan babur ya take ta, na kai ta wurin likitan dabbobi. Masu saye ba su da yawa, amma sunana ne a kan kowane zane.